Ƙadangarun Dā: Labari ko Ilmi?

Sa'ad da nake koyon aikin koyarwa, wani yaro ya tambaye ni, wai gaskiya ne akwai ƙadangaru masu hankali da gwamnati ke ɓoyewa? Na nemi tushen maganar, sai na iske yayansa ne ya ba shi labarin wani littafi, The Scales of Injustice, wanda Gary Russell ya rubuta a 1996.

An gina littafin bisa Doctor Who, wasan talabijin na ƙasar Ingila. A cikinsa akwai waɗansu halittu masu kamar ƙadangare, Silurian, da suka mallaki duniya tun ba mutum, suka yi barci ƙarƙashin ƙasa, sa'an nan suka farka. Wani sashen asiri na gwamnati, C19, yana nasa makirci a ɓoye.

To, bari mu auna. Zamanin Silurian ya ƙare shekara wajen miliyan 419 da suka wuce. A lokacin nan ba ƙadangare ko ɗaya, gama irinsu ba su bayyana ba sai bayan shekara kamar miliyan 100. Masu wasan da kansu sun yarda da kuskuren sunan a 1972.

'Yan'uwana malamai, kada mu hana yara irin wannan karatu, gama yana faɗaɗa tunani. Amma lalle mu koya musu tambaya: wa ya faɗa, ina shaida? Yaron da bai iya rarrabe tatsuniya da ilmi ba, kowane mayaudari zai ja shi.