Ƙofofin da bitamin C ke bi cikin jikinka

Ka taɓa ganin mutumin da dasashinsa ke jini in ya yi asuwaki? Ko wanda ya ji ɗan rauni, amma miki ya ƙi warkewa? Dalilan wannan suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne rashin bitamin C. A gidan likita za ka ji ana cewa "bitamin se". Shi ne dai.

Akuyarka ba ta da wannan damuwa. Hantarta tana yi mata bitamin C da kanta. Haka tunkiya, haka saniya. Amma jikin ɗan Adam bai iya yin sa ba. Dole sai ka ci shi cikin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar miligiram 45 kowace rana. Mai ciki 55, mai shayarwa 70. Gwaiba guda mai kyau ta wuce haka.

To, in ka ci gwaibar, ina take zuwa?

Jikinka an gina shi ne da ƙananan ɗakuna, ido ba ya ganinsu. Masana suna kiransu ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana da bango mai maiƙo da ya kewaye ta. Shi kuwa bitamin C ɗan ruwa ne, cikin ruwa yake narkewa. Ka san ruwa da mai ba sa haɗuwa. Don haka ba ya iya ratsa bangon. Sai ya nemi ƙofa.

Ƙofa ta farko tana cikin ƙaramin hanji. Masana sun gano ta a shekara ta 1999, suka sa mata suna SVCT1. Ba sai ka riƙe sunan ba, aikinta za ka riƙe. Wannan ƙofa ba ta buɗewa bitamin C shi kaɗai. Sai ya zo da ƴan rakiya biyu. Ƴan rakiyar su ne sodiyam, wani sinadari da ke cikin gishiri. Biyu nasu, ɗaya nasa, sai ƙofa ta juya, su faɗa ciki tare. Daga nan ya wuce cikin jini. Kada ka ce za ka ƙara gishiri a miya saboda wannan! Wanda ke cikin hanjinka ya isa, yawan gishiri kuwa hawan jini yake jawowa.

Jini ya ɗauke shi ya zagaya da shi. A ƙwaƙwalwa da ido da sauran sassan jiki akwai ƙofa ta biyu, SVCT2. Ita tana da kwaɗayi. Ko bitamin C ya yi ƙaranci cikin jini, sai ta jawo shi ciki ta tara. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da cuta, suna tara shi ninkin ba ninkin fiye da abin da ke cikin ruwan jini. In ya shiga ƙwaya, sai ya kama aiki. Yana taimaka wa jiki ya yi wani abu kamar danƙo, wanda ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini. Shi ya sa in babu shi, dasashi ke kumbura, miki ya ƙi haɗewa.

Yanzu ka natsu, ga inda maganar take. Ƙofofin hanji suna da iyaka.

Ka tuna da noman rani na Jiratawa, inda ake zogale. In aka saki ruwa daidai, kowane fangali zai sha. In aka saki mai yawa lokaci guda, bakin fangali bai ƙara faɗi ba. Ruwa sai ya malale a banza. Haka hanjinka yake. In ka ci ɗan abin da ke cikin abinci, wajen kashi 70 zuwa 90 cikin 100 ke shiga. In ka haɗiye ƙwayar magani mai miligiram 1000 ko fiye, abin da ke shiga bai kai rabi ba. Sauran ya wuce, wani lokaci ma ya sa ka zawo. Wanda ya shiga jini ya yi yawa kuma, ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari. Kuɗinka ke nan suka bi bayan gida. Sai dai in likita ne ya rubuta maka, to, ka sha yadda ya ce.

Kuma jiki ba shi da babban rumbu na wannan abu. Ba kamar gero ba ne, da za ka tara a kaka ka ci har damina. In ka daina samunsa sam, cikin wata ɗaya zuwa uku alamu za su fito: kasala, ciwon gaɓoɓi, jinin dasashi. Mangwaron da ka ƙoshi da shi a bazara ba zai kai ka kaka ba.

Mu nan Madarunfa, Allah ya ba mu tabki da gulbi da lambuna. Akwai gwaiba, mangwaro, lemun tsami, tumatir, tattasai, shu da ɗanyen zogale. Farin garin da ke cikin ɗan kuka, wanda yara ke tsotsa, yana da bitamin C sosai. Amma busasshen gero da dawa kusan babu komai. Miyar kuka busasshiya ma kaɗan ta rage. Zafi da rana da iska suna lalata shi. In kin dafa zogale, ƴar'uwa, kada ki cika ruwa, kada ki bar shi ya daɗe bisa wuta. Ruwan da kike zubarwa yana tafiya da wani kaso. In kin gama kwaɗo, ki matsa lemun tsami a kai, ki yanka ɗanyen tumatir.

Wannan lemun yana da wani amfani kuma. Wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma hanji ba ya karɓarsa da sauƙi. In ya haɗu da bitamin C cikin abinci ɗaya, sai ya fi shiga. Shayi kuwa tare masa hanya yake yi. Mai ciki da ta ci wake da zogale, ta matsa lemu, ta bar shayin sai bayan awa ɗaya ko biyu.