Yaro na ci amma ba ya girma: a duba alkama

A Maiduguri, in aka ga yaro ya tsumbure, cikin idonsa ya yi fari, tamowa ake fara zargi, sai tsutsar ciki ko zazzaɓin cizon sauro. Galibi ma hakan ne. Amma akwai yaron da ke shan shayi da burodi kowace safiya, ya ci taliya da rana, an ɗura masa maganin ƙarin jini kwalba bayan kwalba, duk da haka ƙaninsa ya fi shi tsawo. Irin wannan, likitocin yara kan yi tunanin cutar siliyak.

Cuta ce da garkuwar jiki ke faɗa da gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, har ta lalata bangon ƙaramin hanji ya kasa tsotse amfanin abinci. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, yara da yawa ba sa gudawa ko kaɗan. Sai dai a ga haƙoran dindindin sun fito da tabo ko ramuka, gyambon baki yana tafiya yana dawowa, ko ƙuraje masu ruwa da azabar ƙaiƙayi a gwiwar hannu da gwiwa da ɗuwawu. Wani kasala ce da yawan fushi, wata kuma jinkirin fara al'ada.

Ba cutar Turawa kaɗai ba ce. Binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Saharawi a sansanonin gudun hijira na Aljeriya ya samu cutar a jikin sama da 5 cikin 100, alhali a duniya kusan mutum 1 ne cikin 100.

Kada a yi gaggawar hana yaro alkama kafin gwaji, domin hakan na ɓoye cutar a jini. A kai shi wurin likitan yara, misali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a nemi gwajin jini na tTG. Wani lokaci sai an leƙa hanji da na'ura.

In ta tabbata, sai rabuwa da alkama har abada: burodi, gurasa, fanke, alkaki, Semovita. Gero, dawa, masara, shinkafa, acha da wake ba su da laifi. Tarkon yana wurin ɗan wake da masa, don wasu masu sayarwa kan zuba fulawa. Burabisko ma a tambaya ko na alkama ne. 'Yan'uwan yaron na ciki ɗaya su ma a gwada su.