Kwamfutarka ta hannu ta ƙi karɓar Windows 11? Duba nan kafin ka ƙona data

Kwanan baya wani ƙanen abokina da ke karatu a jami'ar Aliero ya kawo mini laptop ƙirar HP da ya saya ta hannu a Jega. Sau biyu yana sauke Windows 11, sau biyu tana ce masa "This PC can't run Windows 11". Data ta tafi, aiki bai yi ba. Tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, da yawa za su shiga irin wannan hali. Abubuwa uku ne ke yawan jawo shi: biyu suna gyaruwa, ɗaya ba ya gyaruwa.

1. Furosesa

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka duba layin Processor. Lambar farko bayan ɗan layin (ko biyun farko a sababbi) ita ce zangonsa: i5-6300U zango na 6 ne, i5-8250U kuwa na 8. Windows 11 na buƙatar Intel zango na 8 zuwa sama, da RAM 4GB, da ma'aji 64GB. In naka bai kai ba, dakata a nan. Rufus na iya tsallake sharaɗin, amma Microsoft bai lamunce maka sabuntawa ba. Ni dai gara ka ɗora mata Linux Mint.

2. TPM

Rubuta tpm.msc a wuri ɗaya. Ana son 2.0. In ta ce ba ta ga komai ba, wataƙila a kashe yake. Sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Ka je Security ka kunna shi. Wasu na kiransa PTT, a AMD kuma fTPM. Ta yaron nan iyakar ciwonta ke nan.

3. Legacy

A msinfo32 duba BIOS Mode. In Legacy ka gani, kada ka yi gaggawar mayar da shi UEFI, Windows ba za ta tashi ba. Fara kwafe fayilolinka a filashi. Buɗe cmd a matsayin admin, ka rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS. In ta amince, maimaita da /convert a madadin /validate. Sai sannan ka koma BIOS ka zaɓi UEFI, ka kunna Secure Boot.

Kada ka fara ɗora Windows sai kana da tabbacin wuta, don batirin ta hannu ba abin yarda ba ne.

In kuma yanzu za ka saya, buɗe msinfo32 a gaban mai shago, ka kuma gwada shiga BIOS. Wasu daga ofisoshin waje suka fito da kalmar sirri a kai. In ya kasa buɗe maka, mayar da kuɗinka aljihu.