Sankara Iri Biyu a Furostet Ɗaya

Wani mai sauraro daga Nasarawa, Birnin Kebbi, ya tambaya ko sankara iri biyu kan haɗu a furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Ƙwarai kuwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar wurin nau'i ɗaya ce, galibi mai tafiyar hawainiya, tana rayuwa da sinadarin mazakuta. Idan likitoci suka toshe mata sinadarin, a wasu marasa lafiya wasu ƙwayoyinta kan rikiɗe su zama nau'in ƙananan ƙwayoyi, mai saurin bazuwa zuwa hanta. Wannan sau da yawa gwajin jini na PSA ba ya nuna ta. Sai an ciri tsoka an auna, kuma maganinta daban ne.

Malam, a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.