DARASI: YADDA AKE RAYA FAƘO DA TASSA

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), darasinmu na wannan fitowa ya shafi gona, domin daga cikinta ne tuwon yawancin masu cika sahun masallatanmu yake fitowa.

Ya ku ƴan'uwa, duk wanda ya bi hanya daga Tawa zuwa Affala ya san faƙo: ƙasar nan mai tauri wadda ruwan sama ke sauka a kanta ya wuce da gudu, ya yanka kwari, bai bar ko damshi ba. Ruwan da ƙasar Adar ta arewa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Ga gonakin gado kuma suna ƙara tsukewa duk lokacin da aka yi rabo, har ya zama samari ba su jiran a gama ɗaurin damma sai su kama hanyar cin rani. To, abin tambaya shi ne: faƙon nan ya mutu ke nan, ko akwai dabarar raya shi?

Asalin dabarar

Bayan farin 1984, wanda dattawa ba su manta da shi ba, an ɗauki aikin gyaran ƙasa da muhimmanci a jihar Tawa. A wannan shekara aka soma babban aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya. A 1989 kuma, wani shiri na asusun FIDA ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso. A can suka ga yadda manoma irin su marigayi Yakuba Sawadogo suka faɗaɗa ramin shuka na gargajiya, suna zuba masa taki. Da suka dawo gida sai suka gwada a faƙonsu. Damina ta 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, amma gonakin da aka yi wa tassa suka ba da gero, alhali na maƙwabta sun ƙone. Masu bincike da suka bi diddigin lamarin shekara da shekaru sun tarar cewa har cinikin faƙo aka koma yi a Illela, ƙasar da a da ko kyauta ba mai karɓa.

Yadda ake yin ta

1. Ana haƙa ramukan da rani, da diga da hauya. Faɗin kowane rami santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, tsakaninsa da ɗan'uwansa kamar taku guda.

2. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare, domin ta tare ruwan da ke gangarowa. Ramukan layi na biyu su faɗa a tsakanin na layin farko, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan.

3. A zuba taki ruɓaɓɓe, cikin hannu ɗaya ko biyu, tun kafin ruwa ya sauka. A nan akwai abin lura: gara, wadda muke ɗauka maɓarnaciya, ita ce ke bin takin tana huda ƙasa, ta waɗannan ƙofofi kuma ruwa ke nutsawa har ƙarƙashin saiwa.

4. A yi shuka bayan ruwa mai kyau ya jiƙa ramin. Tsiron da ke cikin rami yana samun kariya daga iskar farkon damina mai jifa da rairayi.

A sani kuma, tassa ba ta kowace gona ba ce. A jigawa rairayi ne zai cike ramin, a fadama kuwa ruwa zai kwanta ya ruɓar da shuka. Wurinta shi ne faƙo da ƙasa mai tsakuwa. Aiki ne mai nauyi ƙwarai, saboda haka ya dace a raya al'adar gayya, kuma a fara da gonar marayu da ta gajiyayyu.

Abin da masu bincike suka ƙara

Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, da cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, sun nuna cewa ƙasarmu tana da yunwar sinadarin fosfo, kuma ba sai da buhunan takin zamani ake maganinta ba. Giram 6 na takin 15-15-15, wato kamar cikin marfin kwalbar lemo, ya isa rami guda a lokacin shuka, muddin ba a ɗora shi a kan iri ba. Haka nan sun fitar da irin gero mai saurin nuna, kamar HKP, wanda ke isa girbi cikin kwana 80 zuwa 90. Sai dai gero yana ɗaukar barbara daga gonar maƙwabci, don haka a riƙa sabunta irin bayan ƴan shekaru.

Nasiha

Ba mu ce kowa ya watsar da irin da ya gada daga kakanni ba, ko ya haƙe gonarsa duka a rani guda. A yi abin da masu binciken kansu suke yi. Mutum ya ware gefe guda ya yi masa tassa, ya bar wani gefe mai girma daidai da shi yadda ya saba. Da kaka ya ƙirga damman kowane gefe daban, a gaban shaidu, ya faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ya samu, ko riba ko faɗuwa. Ganau ya fi jiyau. Ruwa dai na Allah ne, Shi ke saukar da shi lokacin da Ya so, amma tare shi kada ya wuce a banza, wannan aikinmu ne.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rumbunanmu, Ya maido da matafiyanmu gida lafiya, amin. Wassalamu alaikum.