Darasin Juma'a: Yadda Za Mu Riƙe Ƙananan Ƙungiyoyin Taimakon Marasa Lafiya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Darasinmu na wannan mako a kan ƙananan ƙungiyoyin nan ne da ke taimakon marasa lafiya a unguwanni: matasan da ke kai jini asibiti, mata masu adashin haihuwa, da kwamitocin masallatai masu biya wa talaka kuɗin magani. Da yawansu kan fara da zafi, shekara ɗaya ko biyu sai ka ji shiru. Abu biyu ke kashe su: rashin kuɗi mai ɗorewa da raunin shugabanci.

Me ya sa muke bukatarsu?

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Mai shago a kasuwar IBB zai iya ɗaukar ɗansa zuwa Abuja a yi masa aiki. Ɗan dako ko mai tura ruwa kuwa, ko Babban Asibitin Suleja aka ce ya je, sai ya tsaya lissafin kati da gwaji da magani. Mu baƙi abin ya fi mana nauyi, domin dangin da za su tallafa suna can Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, amma har yau ba mu kai wurin ba. A farkon 2025 kuma Amurka ta yanke tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID. To kun ga, in ba mu tashi ba, wa zai yi mana?

Ina za a samo kuɗi?

Na farko, karo-karo na wata-wata. Mutum 100 in kowa ya ba da naira 1,000, an sami 100,000 duk wata, a shekara miliyan 1 da dubu 200. Wannan ya fi jiran Alhaji ɗaya, wanda in kasuwa ta juya masa baya shi ke nan aiki ya tsaya.

Na biyu, zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, kuma fakiri mara lafiya yana ciki. Sai dai malamanmu sun yi bayani cewa haƙƙin mabuƙacin ce, shi ake mallaka wa. Kada a ɗauke ta a sayi kujerun ofis.

Na uku, wakafi, wanda ake kira hubusi. Asalinsa tun zamanin Sahabbai ne: Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta kawai ake rabawa. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, kuma da dukiyar wakafi aka riƙa yi wa jama'a magani kyauta. A yau Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Sakkwato tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani. Shago ɗaya da aka yi wakafinsa, hayarsa za ta riƙa sayen magani ko bayan ran mai shi.

Na huɗu, haƙƙinmu a wurin gwamnati. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun masu rauni. Jihar Neja ma tana da hukumar inshorar lafiya ta taimakekeniya. Ƙungiya mai dabara za ta kai zawarawa da marayu da tsofaffi a yi musu rajista, kuɗin hannunta kuma ya tafi inda gwamnati ba ta kai ba.

Shugabanci

Misali yana nan kusa da mu. A Minna aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, marigayiya Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko. Ta yi wa'adinta ta miƙa wa wata, yau ga ƙungiyar da rassa a faɗin ƙasa, da makarantu da asibitoci. Da a hannun mutum ɗaya aka bar ta, da wuya ta kai haka. Saboda haka:

1. A rubuta tsarin mulki, a sa wa'adi ga kowane muƙami.
2. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Wannan yana buƙatar rajista da hukumar CAC, kuma masu ba da tallafi ba sa zuba kuɗi a asusun mutum.
3. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma kowace fita da rasit.
4. A karanta shiga da fita a gaban jama'a duk wata uku, amma a rufa asirin mara lafiya, ba a ambatar sunansa.
5. A sa mata a kwamiti, domin su suka san mai cikin da ba ta zuwa awo. A nemi nas ko malamin asibiti ya riƙa ba da shawara.
6. Dattijo ya ja matashi a jiki ya koya masa riƙon littafi.

Iyayenmu 'yan kasuwa, ku ne kuka san lissafi. Ban da kuɗinku, ana buƙatar awa ɗaya daga lokacinku a wata don duba littafin waɗannan yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da niyyar shiga karo-karo ko yin wakafi, ya samu liman ko sakatare bayan sallah.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.

Sakataren Masallaci