Darasi: Ranakun da Banki Ba Ya Buɗewa

Darasinmu na wannan fitowa a kan hutun banki ne. Yau kuɗin cefanen Sallah, ɗinkin yara, har zubin adashi, duk ta asusu suke ratsawa. Wadda kuwa ta taso daga Wasagu ko Ribah ta biya kuɗin mota zuwa Zuru, ta tarar da ƙofar banki a garƙame, ta yi asara biyu ke nan.

Ban da Asabar da Lahadi, akwai hutun da ranarsa ba ta motsi: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya (da can 29 ga Mayu ce, daga 2019 aka sauya), 1 ga Oktoba, sai 25 da 26 ga Disamba. Idan ɗaya ta faɗo ƙarshen mako, gwamnati takan kai hutun Litinin. Akwai kuma Juma'a da Litinin na Ista, cikin Maris ko Afrilu. Waɗannan kalanda ma ta ishe ki.

Inda gizo ke saƙa shi ne hutun Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi, domin wata suke bi, kowace shekara suna matsowa da kamar kwana 11. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke sanar da hutun, amma ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ake jin sa. A 2024 an ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu. Ba a ga wata ba, azumi ya cika talatin, sai aka ƙara Alhamis 11. Duk makon nan Litinin da Juma'a kaɗai banki ya yi aiki. Haka ma aka ƙara rana a Sallar 2016. Babbar Sallah ta fi sauƙin lissafi: da an ga watan Zulhajji kin san ranar goma.

To, kada ki ce ai akwai POS. Akwai, amma a jajibere mai POS shi ma kuɗinsa kan ƙare, cajinsa ya hau, ATM kuma ta zama fayau. Mafi ciwo, idan kika tura kuɗi aka cire bai isa ba, ba inda za ki kai kuka sai an dawo aiki, ga tela ya riƙe kayan yara.

Shawarata, daga 20 ga azumi ki zauna da maigida ku yi lissafi, a ciro abin da za a ciro, amma ba tulin da zai hana ki barci ba. Hatsin zakkar fidda kai a saye shi da wuri, tunda kafin a tafi Idi ake fitarwa. In ke ce uwar adashi, ki sanar da mata cewa zubin makon Sallah za a karɓe shi mako guda kafin ranar.